Sallama Ba Takarda: Ina Iyakar Ikon Jami'in Tsaro a Ƙofar Gidan Talaka a Gure?

Wanda ya taso daga Damagaram ya miƙi babbar hanyar da ta nufi Diffa, bayan tafiyar kilomita 160 da 'yan kai zai iso Gure, tsohon babban birnin ƙasar Muniyo. Gari ne na Mangawa da Hausawa, kuma matattarar Fulani da Tubawa da Buzaye masu shigowa da dabbobi. Gundumar Gure ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Alakos, Bune, Gamu, Gidigir, Kelle da Gure kanta, kuma a ƙidayar 2012 mutanenta sun haura 300,000. Mafi yawansu suna warwatse ne a ƙauyuka da rugage, da kwaruruka masu dabino da kanwa da ke tsakanin tuddan rairayi, inda zuwa ofishin hukuma mafi kusa kan cinye wa mutum yini guda.

A irin wannan ƙasa talaka bai cika haɗuwa da hukuma a zauren kotu ba. Ya fi haɗuwa da ita a shingen hanya, ko a kasuwa, ko a ƙofar gidansa, kuma ta ƙofar gidan ita ce ta fi kaɗa hantar mutum. Babur ko mota ta tsaya, mutum biyu ko uku su sauko, wani da kaki, wani da kayan gida. A yi sallama, a aiki yaro ya kira maigida. Kalmomin sanannu ne: "Ba wata matsala, Alhaji, 'yar magana ce." Ko kuwa: "Shef ne ke son ganinka, yanzu za ka dawo." Ba sammaci, ba takardar alƙali, ba wanda ya faɗi sunansa. Maigida ya shimfiɗa tabarma, ya sa a kawo ruwa, gabansa na faɗuwa, maƙwabta na leƙe ta saman darni.

Irin wannan ziyara takan ƙare lafiya sau da yawa, wani lokacin ma ita ke kashe wutar rikici tun tana ƙarama. Amma a cikinta ne haƙƙin mutum ya fi saurin salwanta, domin duk kariyar da doka ta yi wa ɗan ƙasa tana rataye ne da rubutu: wa ya zo, da umarnin wa, ƙarfe nawa, me ya ɗauka. Idan babu rubutu, babu abin da alƙali zai duba gobe. Shi ya sa ya wajaba mutanen Gure, da jami'an da ke yi musu aiki, su san inda ikon kaki ya tsaya da inda na maigida ya fara.

Wa ke da iko, kuma a ina?

Masu kaki a Nijar kashi-kashi ne. 'Yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma aikinsu ya fi ƙarfi a birane da manyan garuruwa da ƙofofin iyaka. Jandarma sojoji ne, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, su ke riƙe da karkara da manyan hanyoyi. Sai gardi, rundunar da ta samu sunanta na yanzu a 2010, masu gadin gidajen kaso da gine-ginen hukuma, masu sintiri a yankunan makiyaya. Ga 'yan duwan, ga jami'an gandun daji, kowa da hurumin da doka ta yanka masa. A babban garin gunduma kamar Gure duk waɗannan suna gilmawa a titi ɗaya, talaka kuwa sunansu ɗaya ne a bakinsa: hukuma.

Doka ta fi talaka rarrabewa. Dokar bin diddigin laifuka ta Nijar, wadda aka kafa ranar 14 ga Agusta 1961 aka kuma yi mata gyare-gyare, ciki har da babban gyaran 2003, ta ware wasu jami'ai da ta ba matsayin jami'in bincike na shari'a, wanda ma'aikata ke kira OPJ. Kwamishinan 'yan sanda da kwamandan birgad ɗin jandarma suna cikinsu. Irin wannan jami'i ne kaɗai zai yanke shawarar tsare mutum ko ya jagoranci binciken gida. Ƙananan jami'ai mataimaka ne, suna aiki a ƙarƙashinsa. Jami'in binciken shi kansa a wannan aiki yana amsa umarnin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda dole a sanar da shi laifin da aka samu labarinsa. Gure na da ƙaramar kotu, a samanta kuma akwai babbar kotun Damagaram da kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram. Wannan ita ce sarƙar. Umarnin baki daga ɗan siyasa ko attajiri ko wani babba na gari ba ya shiga cikinta, kome girman mai bayarwa.

Iko kuma yana da iyaka ta ƙasa. Jami'in bincike yana aiki ne a yankin da aka ajiye shi. Na Gure ba zai tashi don ra'ayin kansa ya je ya binciki gida a Gudumariya ba, wadda ke jihar Diffa, ko a Tasker, wadda aka ware ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Akwai hanyoyin da doka ta buɗe don gaggawa, ko da umarnin alƙali, kuma akwai rundunoni na musamman masu hurumin ƙasa baki ɗaya, kamar ta yaƙi da ta'addanci da ta yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi. Amma kowace hanya a cikinsu tana barin rubutu a baya. Ta kudu kuma gundumar na iyaka da Najeriya, inda dangi ke zaune a ɓangarorin biyu. Kakin wancan gefe ba shi da iko a wannan gefe, na nan ma haka yake a can.

Ƙofofi uku da doka ta buɗe

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, a sashe na 27, ya tabbatar da alfarmar gida, ya hana bincike ko kamu a cikinsa sai bisa sharuɗɗan doka. An jingine wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka kafa sabuwar yarjejeniyar sake gina ƙasa a watan Maris 2025. Sai dai juyin mulki bai rufe kotunan shari'ar yau da kullum ba, bai kuma soke yarjejeniyar duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ba, wadda Nijar ta shiga a 1986, kuma sashenta na 17 ya hana katsalandan na son zuciya a gidan mutum da iyalinsa. Alfarmar gida tana nan, hanyoyin shiga da ƙarfin doka kuma uku ne.

Ta farko ita ce laifin da aka tarar ana cikin yi, ko aka gama yi yanzun nan, kamar ɓarawon da jama'a suka biyo da ihu ya faɗa wani gida. A nan jami'in bincike zai iya shiga ya bincika ko maigida bai so ba. Duk da haka dole a yi binciken a gaban maigidan, ko wakilinsa, ko shaidu biyu da ba ma'aikatan jami'in ba, a rubuta duk abin da aka ɗauka, a rufe shi da hatimi.

Ta biyu ita ce umarnin alƙali mai bincike. Shi ke ba da takardar a kawo mutum ko a kama shi, shi ke wakilta jami'i ya binciki gida a madadinsa. Takardar kamu tana ɗauke da sunan wanda ake nema da sa hannun alƙali da hatiminsa, kuma ana nuna wa mutum ita. Abin da aka wakilta jami'i a kai shi kaɗai zai yi.

Ta uku ita ce binciken share fage, wato lokacin da wani ya kai ƙara ko aka ji wani labari, jami'ai suna tattara bayani, ba a kama kowa dumu-dumu ba, alƙali bai ba da umarni ba. Mafi yawan ziyarce-ziyarcen gida a nan suke faɗawa. A wannan hali doka ta ce ba a binciken gida, ba a ɗaukar kome daga cikinsa, sai da yardar maigida a fili, rubutacciya da hannunsa. In bai iya rubutu ba, a rubuta hakan a takardar bincike tare da yardar tasa.

A bisa waɗannan akwai dokar lokaci. Ba a fara binciken gida bayan ƙarfe 9 na dare, sai an jira asuba. Abin da ke karya wannan ƙa'ida kaɗan ne: kiran neman agaji daga cikin gidan, da wasu laifuka na musamman kamar ta'addanci, da yankin da aka kafa wa dokar ta-ɓaci. Jami'in da ya kutsa gidan mutum ba da son maigida ba, a wajen waɗannan hanyoyi, dokar hukunta laifuka ta ɗauke shi mai laifi, ko da kakinsa na gaske ne.

Yarda ce ko kunya?

Jami'in da ya zo ba takarda, ba laifin da ake cikin yi, a idon doka baƙo ne kamar kowane baƙo. Yana da damar yin sallama, ya gaisa, ya yi tambaya. Maigida kuma yana da damar tsayar da shi a ƙofa ko a zaure, ya amsa abin da ya ga dama, ya ce a aiko masa da sammaci zai je ofis da ƙafarsa. Duk ikon da jami'in zai samu a cikin gidan a wannan rana, maigida ne ya ara masa.

A nan ne tarbiyyarmu ke juyowa ta cuci mai ita. An rene mu a kan baƙonka annabinka. Ba a barin mai sallama a tsaye, ba a tambayar babba takarda, ba a cewa "a'a" a gaban jama'a. Idan jami'i ya ce, "Bari mu ɗan leƙa ɗakin nan," dattijon da ya shekara saba'in yana girmama baƙi zai ce "Bismillah" kafin ya yi tunani. Wannan bismillar ita za ta koma yarda a takardar bincike, in ma an rubuta takardar. Takardar kuwa da Faransanci take, harshen da mafi yawan magidanta a karkarar Gure ba sa karantawa. Mutum ya dangwala yatsa a ƙasan abin da bai ji ba. Yardar da aka samu daga wanda bai san yana da damar ƙi ba, sunanta kawai yarda.

Wayar hannu ta ƙara wa lamarin nauyi. A da, binciken gida akwati ne da ƙarƙashin gado. Yau "ba ni wayarka in gani" ya fi buɗe akwati goma, domin a ciki akwai hotunan iyali, da saƙonnin murya na WhatsApp, da cinikin mutum da bashinsa. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022, aka dawo da shi a watan Yuni 2024. Saƙon da mutum ya tura wa ƙungiyar 'yan garinsu na iya zama hujja a kansa. Wayar da aka miƙa don kunya a zaure, ba tare da an rubuta an karɓa ba, tana iya zama mafarin doguwar shari'a.

Haka nan "zo mu je, yanzu za ka dawo." Tsarewa ta doka tana da agogo: awa 48, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, sai a laifukan ta'addanci da wa'adinsu ya fi haka nesa. Ana rubuta lokacin a rajista. Idan za a miƙa mutum ga mai gabatar da ƙara, ana haɗawa da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. Ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA ta zartar a 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wanda aka "gayyata" kuwa, ya wuni a kan benci daga hantsi har isha'i, ba a ce an kama shi ba, ba a kuma bar shi ya tafi ba, agogonsa bai fara bugawa ba. Batun lauya kuma, mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke, fiye da kilomita 1,000 daga Gure. Manomin Bune ko makiyayin Kelle ba shi da wani lauya a kusa da ya wuce takardar da aka rubuta daidai.

Bashi, aure da ɓarnar gona

Idan aka bi diddigin abin da ke kawo kaki ƙofar gida a ƙasashenmu, sau da yawa za a tarar ba laifi ba ne a ma'anar doka. Bashi ne: wani ya karɓi buhunan hatsi a Gidigir bai biya ba, ko ya ci jika hamsin na wani ya yi shiru. Ko rikicin aure ne, ko gado, ko iyakar gona, ko shanu sun shiga gero kafin a saki gonaki. Mai ƙara ya ga hanyar kotu doguwa ce, sai ya nemi wani sananne mai kaki ya "je ya yi masa magana."

Waɗannan al'amura suna da gidajensu. Dokar sarautun gargajiya ta 13 ga Janairu 2015 ta ba mai unguwa da mai gari da sarki da shugaban ƙungiyar makiyaya ikon sasanta mutane a al'amuran gargajiya da na tsakanin mutum da mutum da na filaye, a rubuta sakamakon sulhun. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa rikicin manomi da makiyayi ya fara bi ta sulhu kafin ya je gaban alƙali. In sulhu ya gagara, kotu ce ke yanke hukunci, ma'aikacin kotu mai aiwatar da hukunci ne ke karɓo haƙƙi. Zamba da cin amana laifuka ne, suna cikin hurumin jami'in bincike. Kasa biyan bashi kuwa ba laifin kaso ba ne, kuma kaki ba kayan karɓar bashi ba ne.

Akwai wani dalili da ya kamata a faɗa don adalci. Ƙasar Gure faɗi gare ta, hanyoyinta rairayi ne, motocin aiki da man da za a zuba musu ba sa isa. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma wannan ƙaranci ya haifar da al'adar mai ƙara ya ba da "kuɗin mai," ko ya ɗauko jami'i a babur ɗinsa. Da zarar jami'i ya sauka daga abin hawan mai ƙara a ƙofar wanda ake ƙara, shari'a ta karkace tun ba a buɗe baki ba. Mai hali ya samu hukuma ta raka shi, mara hali ya ga hukuma ta zo masa a bayan abokin rigimarsa. Laifin wannan ya fi hawa kan kasafin kuɗin da ya bar jami'i ba mai, amma talaka ke biyan farashin.

Daga zaure zuwa tanti

Tun kafin a kawo dokar Faransa, ginin gidanmu ya riga ya shata iyaka. Zaure na baƙi ne, cikin gida na iyali, kuma namiji baligi ba ya wuce zaure sai da izini. Addini ya ƙarfafa haka. Ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan wani ba izini, sun kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar, yana halifa, da ya haura katangar wani gida ya tarar da abin ƙi, mai gidan ya tuna masa cewa ya yi leƙen asiri, ya shigo ta inda ba ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba, Umar ya janye. Mutumin Gure da ya tsayar da jami'i a zaure cikin ladabi bai yi wa hukuma tsaurin ido ba. Abin da addininsa da al'adarsa da dokar ƙasarsa suka haɗu a kai ya yi.

Amma a wannan gunduma dubban mutane ba su da zaure. Bafulatani na da bukka, Batube da Buzu na da tanti na tabarma ko na fata, babu katanga, babu ƙyaure. Sauƙin shiga irin wannan mazauni kan sa a manta gida ne. A fahimtar shari'ar da Nijar ta gada, gida shi ne inda mutum ke kwana da iyalinsa yake kuma da haƙƙin cewa nan wurina ne, ko da siminti aka gina ko da kara. Matar da ke cikin tanti a arewacin Kelle tana da alfarma daidai da matar da ke bayan ƙofar ƙarfe a Yamai. Makiyayi ne ma ya fi bukatar a tsaya a kan ƙa'ida, domin a rugarsa babu maƙwabcin da zai shaida abin da aka ɗauka.

Alfarmar gida kuma ba ta zama mafaka ga azzalumi. Idan kukan mace ko na yaro ya fito daga cikin gida ana neman ceto, doka ta buɗe ƙofa ko tsakar dare ne, kuma maigida ba zai tsaya a zaure ya ce ba a shiga ba. Gidan na duk mazaunansa ne. Jami'in da ya amsa irin wannan kira ya yi aikinsa, kuma ya cancanci jama'a su mara masa baya.

Tsoron da aka gada

Me ya sa mutum ke rawar jiki a gaban abin da doka ta ba shi damar tambaya? Amsar tana cikin tarihi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Gure a ƙarshen 1852, ya tarar da Muniyoma Koso da fadarsa da mayaƙansa. Ɗan saƙon sarki a wancan zamani sananne ne, ana kuma da hanyar kai kuka fada. Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka shimfiɗa tsarin da ya ba kwamandan Bature ikon ɗaure talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Gardinsa ke zuwa ƙauye karɓar haraji da ɗibar mutane aikin tilas. Sai a 1946 aka soke wannan tsari da aikin tilas ɗin. Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ya zo da 'yan leƙen asiri da suka sa mutane rage murya ko a cikin ɗakunansu. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a, amma abin da kaka ya koya wa jika game da kaki bai goge da taro ɗaya ba.

Rikicin Boko Haram ya ƙara wani nauyi. Bayan hare-haren Bosso da Diffa a watan Fabrairu 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, wadda ta ba jami'an tsaro damar binciken gidaje dare da rana. Gure ce gundumar jihar Damagaram da matafiyi ke fara shiga in ya baro Diffa a kan babbar hanya, kuma jami'an da suka yi aiki a can ana iya sauya su zuwa nan. Ikon ta-ɓaci na yankin da aka ambata a takardar kafa shi ne. Ba ya bin jami'i a aljihu zuwa sabon wurin aiki.

Abin da ke faruwa a babban birni ma yana koya wa na ƙasa darasi. Ranar 30 ga Satumba 2023 wasu mutane da suka rufe fuska suka ɗauke 'yar jarida Samira Sabou daga gidan mahaifiyarta a Yamai, sai bayan mako guda aka san tana hannun 'yan sandan bincike. Ranar 3 ga Disamba 2024 wasu da kayan gida suka tafi da Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, daga gidansa, aka yi kusan kwana biyu kafin lauyoyinsa su same shi a ofishin yaƙi da ta'addanci. Ƙungiyoyin Amnesty International da Human Rights Watch sun yi magana a kan duka biyun. Waɗannan mutane ne da duniya ta san sunansu. In har za a yi kwanaki ana neman inda suke, sai a auna halin wanda ba a san sunansa ba ko a Damagaram.

Yadda wasu suka yi da matsalar

Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba. A Najeriya, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a madadin wani, ta hana kamu saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haka. Dokar ta 2015 ta kuma riƙe wata tsohuwar ƙa'ida da Arewa ta daɗe da ita: in za a shiga ɗakin matar da ke cikin kulle, sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa. Mutanen Kano da Katsina sun san rubutun doka daban, aiki da ita daban, amma samun rubutun ya ba lauyoyi abin riƙewa a kotu.

A Amurka 'yan sanda na da dabarar ƙwanƙwasa ƙofa su nemi hira ba takarda. Kotun ƙolin ƙasar ta bayyana a 2011 cewa mai gida ba dole ne ya buɗe ko ya yi magana ba, a 2013 kuma ta ce jami'in da ya zo da karen shinshina har bakin ƙofa ya wuce abin da aka yarje wa baƙo. A Ingila tun 1765 kotu ta sa manzannin sarki biyan diyya saboda sun fasa gidan wani marubuci da takardar da minista ya ba su, wadda doka ba ta san da ita ba. Ko'ina ƙa'idar ɗaya ce: hukuma ce ke nuna hujjar shiga.

Abin da za a iya gyarawa tun yanzu

Gyaran farko a hannun maigida yake, kuma ba ya bukatar faɗa. Tambayoyi uku ne cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wane ne sunanka? Daga wane ofis? Akwai takarda?" A nemi ganin katin aiki, domin 'yan fashi ma sun iya sa kaki. A tsaya a zaure, a aika a kira mai unguwa ko bulama ko arɗo ya zama shaida. In an kawo sammaci, a amsa shi a ranar da aka sa, domin ƙin amsawa na iya sa a zo da ƙarfi bisa doka. In an ɗauki wani abu, a nemi a rubuta. Kada a dangwala yatsa sai an fassara abin da ke takardar. In jami'i ya nace zai shiga, kada a tare shi da hannu ko da zagi, domin wannan laifi ne mai zaman kansa. A faɗa a gaban shaidu cewa ba a yarda ba, a riƙe lokaci da suna, a kai kuka wurin mai gabatar da ƙara. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da aka kafa a 2011, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, an yi su ne don irin wannan rana.

Gyara na biyu na shugabannin jami'ai ne. Kowace fita zuwa gidan wani, ko ta gaisuwa ce, a rubuta ta a rajistar ofis: wa ya je, gidan wa, don me. Ƙarar bashi da ta aure a mai da ita inda ta dace tun daga kan teburi. Wannan rajista kariya ce ga jami'in kirki, domin ranar da aka yi masa ƙazafin ya karɓi kuɗi ko ya ɗauki kaya, ita za ta wanke shi.

Na uku na gwamnati ne. Yarjejeniyar Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a fara da takardun da suka fi taɓa rayuwar talaka: sammaci da takardar yarda da bincike su fito da Hausa, a karanta wa mutum da Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci in shi ya fi ji. A ba birgad da komisariya man da zai raba su da aljihun mai ƙara. Gidajen rediyon al'umma da masu wa'azi su bayyana wa jama'a waɗannan ƙa'idoji kamar yadda suke bayyana rigakafi da ranar sakin gonaki.

Gure na bukatar jami'an tsaronta, kuma su ma suna bukatarta. Ɓarawon raƙumi da ɗan fashin hanya da mai safarar makamai ba a kama su sai da labarin da mutanen ƙauye suka kawo da son ransu. Mutumin da aka shiga ɗakin matarsa ba izini, ko aka wulaƙanta shi kan bashin da bai kai a kira shi laifi ba, ba zai sake kawo labari ba, 'ya'yansa ma haka. Saboda haka jami'in da ya tsaya a zaure ya faɗi sunansa, ya nuna takardarsa ko ya amsa cewa ba shi da ita, tsaron gundumar yake ginawa, kuma shugabanninsa ya kamata su fara neman haka daga gare shi tun kafin talaka ya tambaya.